Jan Zare Biyu a Rigar Keken Umma

Na yi wa mijina ƙarya sau uku cikin kwana biyu, kuma duk ukun suna nan a rubuce cikin wayarsa, ya ƙi gogewa. Ku gyara zama 'yan uwa, yau abin da na daɗe ina kewaye masa ne zan fasa.

Ga waɗanda yanzu suka shigo: ni ce auta a gidanmu, Auta kowa ke kirana, har shi mijin. Mu biyu ne wurin Umma, ni da Yaya da ke aure nesa da mu, sai dai kullum muryarta tana cikin gidan ta waya. Abba ya rasu shekara biyar kenan. Umma tela ce, da ƙarar kekenta na tashi, da ita nake barci tun ina zanen goyo.

Mijina kuwa gyaran agogo yake yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, wanda in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya tsaya a karkace. Agogon Abba ne ya kai ni wurinsa. Mako guda da rasuwarsa agogon ya tsaya, na kai gyara ina kuka. Ya gyara. Bayan kwana huɗu na ga yana lattin minti biyar, na koma. Ya sake gyarawa, ya sake latti. Sau shida ina zarya! Sai bayan aure ya faɗa mini da gangan yake sassauta wani abu a ciki don in dawo. Tun daga nan nake ce masa Mai Agogo, ko in ina fushi, Ɓarawon Minti Biyar.

Umma da fari ba ta so shi ba.

"Wa ke ɗaura agogo yanzu, kowa da waya a hannu? Da me zai ciyar da ke, da tik-tik?"

Ranar da kekenta ya ƙi juyawa ana jibi za a karɓi ɗinki, ya zo ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa, awa biyu bai ɗago kai ba. Da keken ya tashi, Umma ta taka ta ji, ta sake takawa, sannan ta ce da bango, ba da shi ba: "Yaron nan yana da hannu." Shi kenan amincewar.

To, makon da abin ya faru cikina wata shida. Rigunana duk sun ƙi ni, na kwaso su a jaka ranar Litinin na tafi gida Umma ta buɗa mini su. Ina son ɗakin ɗinkin nan fiye da ko'ina a duniya: ƙanshin sabon yadi da man keke, tef ɗin awo rataye a ƙusa, gwangwanin biskit da babu biskit a ciki sai maɓallai, da hoton Abba a saman kabad yana kallon kowa kamar zai yi magana. Na tsaya a gaban madubi cikin doguwar rigata mai ruwan toka, Umma da allurai uku a baki tana aunawa.

"Wannan ciki naki gaba kawai yake yi kamar yana sauri."

"Ɗan Mai Agogo ne, ba ya son latti."

"Uban nasa da ya yi ta latti da gangan?"

Muna cikin dariya na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙashin baya. Kafin magariba jikina ya yi zafi kamar dutsen guga, kai na sara, gaɓoɓi kamar an yi mini duka, ga tari. A gadona na 'yan mata na kwana.

Talata da safe Mai Agogo ya kai ni asibiti. Likitar wata mace ce siririya mai gilashi, ta sa ɗan tsinke mai auduga a hancina, muka jira, ta dawo ta ce ba mura ce ta yau da kullum ba, mai tsananin ce da ke yawo a gari, ƙwayar bairos ke kawo ta. Ta rubuta mini maganin sauke zazzaɓi, da wani kafso guda goma: ɗaya safe, ɗaya yamma, kwana biyar.

Na dafe cikina. "Likita, ba zai taɓa shi ba?"

Ta ajiye biro ta dube ni sosai.

"Tambaya ce mai kyau, kuma kusan kowace mai ciki tana yi mini ita. Wannan maganin an bi diddigin dubban mata da suka sha shi da juna biyu, ba a ga ɓari ko nakasa sun ƙaru a cikinsu fiye da waɗanda ba su sha ba. Ba zan ce miki akwai maganin da ba shi da illa ko kaɗan ba, wannan ma yana iya tayar miki da zuciya, shi ya sa ki sa wani abu a ciki kafin ki sha. Amma abin da nake tsoro ba shi ba ne. Mai ciki, wannan murar ta fi saurin sauka mata a huhu, kuma zazzaɓi mai zafi ba ya yi wa na ciki daɗi. Ya fi aiki in an fara cikin kwana biyun farko. Yau za ki fara, ba gobe ba. In numfashi ya yi miki wuya, ko kika ji motsinsa ya ragu, ki dawo nan take."

Mai Agogo ya rubuta komai a bayan katin shagonsa. Ya mayar da ni gidan Umma, ya fita sayo maganin. Kafin ya dawo barci ya kwashe ni, sai ya damƙa ledar a hannunta.

"Tafi aikinka," in ji Umma. "Ni na haife ta."

Anan dole in ba ku wani labari, don kada ku yi wa Ummata mummunar fahimta. Tsakanin Yaya da ni akwai wani. Namiji ne. Bai zo duniya da rai ba, cikin yana wata shida. A gidanmu ba a kiransa da komai sai "wanda bai zo ba", kuma labarinsa layi ɗaya ne, mun haddace tun muna yara: Umma ta yi zazzaɓi, ta sha maganin asibiti, cikin ya zube. Abba ne ya sayo maganin da hannunsa. Har ya koma ga Allah ban taɓa ganin ya shigo da ko ƙwaya ɗaya cikin gidan nan ba. In ciwon kai ya kama ɗayanmu sai ya miƙa wa maƙwabciya takardar likita ya ce ta taimaka, shi ya tsaya a ƙofa yana murɗa agogonsa.

Da na farka da azahar na ce, "Umma, ina maganin?"

Tana matse tsumma a ruwan sanyi, ba ta kalle ni ba.

"Na ajiye shi inda ba zai cuci kowa ba."

"Umma, likita ta ce..."

"Ni ma likita ce ta ce. Wata shida, Auta. Daidai irin naki."

Ta ɗora tsumman a goshina, ta miƙo mini ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami. Rabinsa ya zube mini a zani. Ban taɓa ganin abu ya zube a hannun Umma ba, matar da ke zura zare a allura ba gilashi.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Yaya, minti huɗu da rabi.

"Auta, wallahi kar ki kuskura! Wata ƙawar maƙwabciyar ƙanwar mijina ta sha wani abu makamancin wannan, ba zan ma faɗa miki abin da ya faru ba. Mura ce fa kawai, wa mura ta taɓa kashewa? Ki bi Umma, ta fi mu sani."

Sai ga saƙon Mai Agogo a ƙasa.

"Auta, kin sha na farko?"

Na kalli Umma. Na kalli hoton Abba ta ƙofar da ke buɗe. Ku yi mini adalci, shekara ashirin da huɗu ina jin labari ɗaya, likita kuwa minti goma na yi da ita. Na rubuta: "Na sha."

Ƙarfe bakwai na yamma daidai, don shi ba ya ƙara ko sakan: "Na biyu?"

"Na sha, Ɓarawon Minti Biyar."

Ya turo hoton zuciya. Na kifa wayar a kan katifa.

Laraba bakwai na safe: "Na uku? Ya jikin? Ya ɗan ƙwallona?"

"Na sha. Da sauƙi."

Babu sauƙi. Tarin ya koma can ƙasa, in na yi sai in ji kamar ana yaga yadi a ƙirjina. Daga gado zuwa banɗaki sai da na huta a hanya. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa, ɗan ƙwallon nasa, wanda kullum da hantsi yake harbi har rigata ta motsa, shiru. Na sha ruwa mai sanyi, na kwanta ta gefen hagu, na ɗan taɓa shi da yatsa. "Kai, tashi mana." Shiru.

Wajen ƙarfe biyu wata mai ɗinki ta zo, Umma ta fita tsakar gida ta sallame ta don kada ta shigo ta kwashi ciwo. Na dafa bango na shiga ɗakin ɗinki.

Na san inda zan duba. Umma ba ta ɓoye abu a akwati ko ƙarƙashin katifa kamar sauran mutane, a kalmasa take ɗinkewa. 'Yan kunnenta na aure sun yi shekara goma a bakin labulen falo. Makullin kabad ya taɓa zama a ƙasan rigar makarantar Yaya har zango guda ba ta sani ba. Kuma saboda kada ita kanta ta manta, duk inda ta ɗinke abu sai ta yi ɗan gicciyen ɗinki da jan zare, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Muna yara wasanmu kenan ni da Yaya, farautar jan zare.

Labule babu. Matasan kujera babu. Sai idona ya faɗa kan rigar keke, wato murfin nan mai kauri mai ruwan ganye da ake lulluɓe keken da shi. Tun kafin a haife ni yake, kuma ko wanki Umma ba ta bari a yi masa, kakkaɓewa kawai. Na juya bakinsa ina shafawa.

Jan zare. Ba ɗaya ba, biyu.

Ɗaya ja wur, ɗaya ya koɗe ya koma kamar ruwan shayi. Idona na ganin bibbiyu saboda zazzaɓi, na ɗauki rezar Umma na farke wanda ya fi kusa da hannuna. Wani ɗan ambulan mai launin ƙasa ya faɗo, ya yi laushi kamar ƙyalle. A bayansa kwanan wata na shekara ashirin da bakwai da suka wuce. A ciki katin magani, ƙwayoyin sun yi rawaya.

Gurbi goma. Tara a cike. Ɗaya kaɗai aka ɓalle.

"Auta."

Tana tsaye a bakin ƙofa, tef a wuya.

Na ɗaga katin. Na yi tari. "Umma, kin ce kin sha maganin."

"Na sha."

"Ɗaya?"

Ta jawo kujerar keke ta zauna. Ta daɗe tana kallon katin.

"Ranar Asabar babanku ya kawo shi. Gwaggona ta zo duba ni ta ce kul, mai ciki ba ta shan wannan. Na ɗinke shi. Duk sanda ya tambaya in ce na sha." Ta gyara tef ɗin wuyanta. "Kwana huɗu ina ci da wuta. Rana ta biyar da na ji ya daina motsi, tsoro ya kama ni, na farke na sha ɗaya. Da la'asar aka kai ni asibiti."

"Umma, ya daina motsi kafin ki sha?"

Ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke saman kabad.

"Da aka tambaye ni na ce magani ne. Ya fi sauƙin faɗa. Na yi ta faɗa har ni ma na yarda. Shi kuma bawan Allah ya ɗauka a kansa, wai shi ya sayo. Sau nawa ina cewa gobe zan faɗa masa, gobe zan faɗa masa..." Ta rufe baki da gefen mayafinta. "Ban sani ba, Auta. Wallahi har yau ban san wanne ne ya ɗauke shi ba, ƙwayar ko zazzaɓin. Ƙwayar dai ita nake iya gani."

Na tuna Abba tsaye a ƙofa yana murɗa agogo.

Na ce, "Umma, tun safe bai motsa ba."

Ban taɓa ganin mutum ya miƙe da sauri irin haka ba. Ta fizge rezar daga hannuna, ta kama rigar keken, ɗinkin da na san da lallaɓawa take farke shi don kada yadi ya ji ciwo, ta tsarge shi da yanka ɗaya har ta haɗa da yadin. Ledar maganina ta faɗo. Ta ruga ta kawo biredi da kofin ruwa.

"Ci. Ci mana! Yanzu sha. Wannan na zazzaɓin ma sha. Ina wayarki? Kira yaron nan."

Na haɗiye kafson ina kallon agogon Abba a hannuna: uku saura kwata. Na kira shi.

"Auta? Lafiya? Lokacin na huɗu bai yi ba ai."

"Yanzu na sha na farko."

Ina jin agogunan shagonsa suna ta tik-tik a bayansa, kowanne da nasa.

"Na yi maka ƙarya sau uku. Kuma bai motsa ba tun safe. Ka zo."

Ya kashe wayar. Minti goma sha biyu sai ga shi da tasi, gilashin nan na duba cikin agogo yana maƙale a goshinsa, ya manta da shi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya durƙusa ya sa mini takalmi da hannunsa. Umma ta tsaya a gefe riƙe da jakata, a karo na farko ta dube shi ido cikin ido.

"Laifina ne, ba nata ba."

"Umma, mu je tukuna," in ji shi. "Ki shiga gaba."

A hanya Yaya ta turo wani saƙon, minti shida. Umma ta karɓi wayar, ta danna, ta yi magana a ciki da kanta: "Ke, rufe mana baki. Ki yi addu'a kawai." Sakan uku. Shi ne saƙon murya mafi gajarta a tarihin gidanmu.

Likitar nan mai gilashi muka tarar. Na faɗa mata gaskiya duka ina jiran ta zage ni. Ta sa wani ɗan abu kamar maƙalin shanya a yatsana, ta saurari bayana, ta ce in ja numfashi.

"Kin yi latti, amma ba ki makara ba. Ko an wuce kwana biyun muna ba mai ciki, yana taimakawa. Za mu riƙe ki mu sa ido a kan huhun nan. Yanzu kwanta mu ji mutumin."

Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora 'yar na'urar sauraro. Shuuu. Ta matsa gefe. Shuuu. Umma ta damƙe ƙafata har farcenta ya shige ni, leɓunanta na motsi. Mai Agogo ya kwance agogon Abba daga hannuna ya riƙe, ban san me zai yi da shi ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Likita ta gangara ƙasa kaɗan, ta danna.

Dum-dum-dum-dum-dum-dum.

Da sauri, da ƙarfi, kamar keken Umma ana gobe za a karɓi ɗinki.

Mai Agogo ya sauko da gilashin goshinsa kan ido, wai don kada a ga hawaye, ya zuba wa agogon ido yana ƙirgawa da leɓe.

"Ɗari da hamsin da shida," ya ce, muryarsa na karyewa.

Likita ta dubi na'urarta ta yi dariya. "Da takwas. Kai ne ka yi latti."

"Halinsa ne," na ce, ina kuka ina tari ina dariya.

A daidai nan ɗan banzan ya harbi na'urar har ta goce. Umma ta ɗora tafinta a wurin, ya sake harbawa. Ta sunkuya ta kifa goshinta a kan cikina, ta daɗe a haka, tana faɗa masa wasu maganganu ƙasa ƙasa. Ban ji duka ba. Na dai ji sunan da ba mu taɓa kiran kowa da shi ba a gidanmu, na gane ashe wanda bai zo ba yana da suna, ita kaɗai ta sani.

Goshin nata ne ya sa na farga. Zafinsa ya ratsa fatata.

"Umma, ɗago."

Ta ɗago, ta juya gefe, ta yi wani tari mai zurfi irin nawa na Litinin. Kwana biyu tana kaina, tana share mini majina da hannunta.

Likita ta riga ta zaro sabon tsinken auduga. "Mama, shekarunki nawa? Akwai hawan jini ko sukari? Zo nan zauna."

Umma ta ja da baya, ta gyara mayafi, ta ɗaure fuskar nan da take yi wa mai neman ragin ɗinki.

"Ni? Ita dai ku ba ta, na yarda. Amma ni shekara ashirin da bakwai ƙwaya ba ta wuce maƙogwarona ba. Wanda zai sa ni shan magani ba a haife shi ba tukuna."

Na kamo hannunta mai zafi na mayar kan cikina, daidai inda ake harbin.

"Saura wata uku, Umma. Kina so ya zo ya tarar da ke, ko a nuna masa hotonki a saman kabad?"

Ta dube ni. Ta dubi tsinken da ke hannun likita. Mai Agogo kuwa a hankali ya jawo kujera ya ajiye a bayanta, sannan ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare ta da faɗin kafaɗunsa.